Kafin a mayar maka da fankar mota dairek, ɗauko wayarka

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a tsakiyar jihar Katsina ke haura digiri 40, garejin kanikawa a Dutsin-Ma da Kurfi kan cika da ciwo iri ɗaya. Allurar zafi ta hau, lagireto na aman ruwa, direba ya ɗaga bonet yana fifita da kwali. Maganin da ake bayarwa ma kusan iri ɗaya ne: a cire tamostat a jefar, a ja wayar fanka a haɗa ta dairek yadda da an murɗa makulli za ta tashi, in mai motar na da ɗan hali a ƙara masa da babbar fanka da aka kwance daga wata mota. Ana kiran wannan gyara, wasu ma cewa suke an daidaita motar da yanayin ƙasarmu, tunda Turawa don sanyinsu suka ƙera ta. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan motocin da ake yi wa haka, hankali ake cire musu. Mai motar kuma shi zai ci gaba da biya, a gidan mai da wurin mai batir, bai san ta inda kuɗin ke zurarewa ba.

Wani zai ce me ya kawo maganar lagireto shafin waya da kwamfuta. Abin da ya kawo ta shi ne, motar da kake tuƙawa, ko taka ce ko ta babanka ko ta haya da aka ba ka kana kawo balas, kwamfuta ce mai taya huɗu, kuma wayar da ke hannunka yanzu tana iya tambayarta ainihin zafin da take ji, digiri bayan digiri. Muna sanya manhajar duba zafin batirin waya, muna sayen 'yar fankar maƙalawa a bayan waya don kada ta yi nauyi ana tsakiyar Free Fire, amma injin da kuɗinsa ya ninka na wayar sau da yawa sai mu bar shi a hannun hasashe.

Sai an san aikin fankar kafin a yi gardama a kanta. Man da injin ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka ne ke zama tafiya. Wani kason ya fice ta salansa, sauran kuma, kusan kashi ɗaya cikin uku, ya zama zafin da dole ruwa ya kwashe. Famfon ruwa na tura ruwan ya zagaya cikin injin, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto, iska ta ratsa siraran haƙarƙarin lagireton ta ɗebe zafin, ruwan ya koma ta tiyon ƙasa. Tamostat ƙofa ce a kan wannan hanya. Tana rufe muddin injin bai ɗumama ba, tana fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 90 gwargwadon mota. Ta Toyota da yawa 82 ke rubuce a jikinta. Ita kuwa fanka aikinta ɗaya ne tak, ta samar da iska a lokacin da babu iska.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce mutane suka fi tsallakewa. Idan ka taso daga Katsina, ka wuce Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ka miƙe ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma kana gudun kilomita 80 ko 100 a awa, iskar da ke shigowa ta gaban motar ta fi ƙarfin abin da fankar za ta iya bayarwa. A lafiyayyar mota da ba a kunna AC ba, fanka na iya yin yawancin wannan tafiya ba ta motsa ba, kuma haka aka tsara ta. Ranarta ita ce ranar Laraba a bakin kasuwar Dutsin-Ma, ka shiga cunkoson babura da amalanke da motocin dabbobi kana tafiyar hawainiya, ko layi ya yi tsawo a shingen jami'an tsaro, injin na aiki mota na tsaye.

To ka ga an samu gwajin farko wanda ba ya cin ko sisi. Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce da zarar ta hau titi ta sha iska, ita ce ake zargin fankarta. Wadda kuwa ke lafiya lau a cikin gari amma allura ta fara hawa in an ɗauki doguwar hanya da kaya, ko ka ɗaura mata fankar tirela ba za ta warke ba. Matsalarta ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya cinye, ko murfi ya saki, ko gaskit ya fara huci. Mai irin wannan mota in aka sayar masa da babbar fanka, maganin ciwon kai aka ba mai ciwon ciki.

Ita fankar ba ta tashi da ka. A tsofaffin motoci akwai makunnin zafi da ake ɗaurawa a jikin lagireto. A sababbi kuma sensa ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota, wadda 'yan gareji ke kira birenbos, zafin ruwan, ita kuma ta umarci rile, ɗan akwatin nan mai kama da kwalin ashana, ya ba fankar wuta. A yawancin motoci hakan na faruwa ne daga digiri 90 da 'yan kai zuwa ɗari da 'yan kai. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan tsarin, sharaɗi ne na idan kaza to kaza: idan zafi ya kai lamba ta sama, kunna, idan ya sauko lamba ta ƙasa, kashe. Da gangan aka yi lambobin biyu da 'yar tazara a tsakani, don da lamba ɗaya ce, da fankar ta dinga tashi tana mutuwa kowane daƙiƙa kaɗan har rilen ya ƙone. Motoci masu fanka biyu da yawa ma gudu biyu gare su. A ƙaramin gudu ana jera fankokin a layin wuta ɗaya su raba ta, zafi ya ƙaru sai rile ya ba kowacce cikakkiyar wutarta. Haɗin dairek shi ne ka goge duk wannan sharaɗin ka bar layi ɗaya: kunna. Duk wanda ya taɓa rubuta ko da ɗan shafin intanet ya san cewa goge sashen da ke kawo maka saƙon kuskure ba ya nufin kuskuren ya tafi.

Yanzu ga inda waya ta shigo. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai baki 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari kusa da gwiwar direba. Sunanta OBD2. Akwai 'yar na'ura da ake sokawa a nan, an fi saninta da ELM327, wadda asalinta wani kamfanin Kanada ne ya fito da ita, sannan 'yan China suka cika duniya da kwafinta. Kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner ka zaɓi zafin ruwan injin ya fito maka a allo da manyan lambobi. Mai iPhone ya kula, yawancin masu arhar nan na tsohon Bluetooth ba sa haɗuwa da ita, sai ya nemi ta Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iOS. Bayan sauke manhajar ba ka buƙatar data ko sabis. Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da suka ga yadda aka katse layukan waya a ƙananan hukumominsu a watan Satumbar 2021 sun san darajar kayan aikin da ba ya jiran sabis.

Ga masu son leƙa ƙarƙashin murfi: abin da manhajar ke aikawa motar shi ne 0105, motar ta amsa da wani abu kamar 41 05 82. Wannan 82 ɗin a lissafin heks yake, wato 130 a lissafinmu, ka cire 40, saura 90. Zafin ruwan ke nan, digiri 90. Shi ke nan duk sihirin. Wanda ya iya ɗan Python ko Kotlin zai iya rubuta nasa ma'aunin a yini ɗaya.

Me ya sa ba za ka dogara da allurar dashbod ba? Saboda a motoci da yawa an horar da ita ta yi ladabi. Masu ƙira ba sa son direba ya dinga tsorata da ƙaramin hawa da sauka, don haka allurar kan zauna daram a tsakiya alhali ainihin zafin na yawo a faɗin digiri masu yawa. Kafin ta motsa sama, aiki ya riga ya yi nisa. Wasu motocin ma babu allurar, sai 'yar fitila da ke kamawa bayan an makara.

Gwajin da nake ba kowa shawara ba shi da wuya. Ka fara da safe injin na sanyi, ka soka na'urar, ka ta da mota, ka kashe AC, ka zauna kana kallon lambar. Za ta hau a hankali ta kai tamanin da wani abu, ta ɗan tsaya a nan, alamar tamostat ta buɗe ke nan. Ka ci gaba da jira mota na tsaye. Lambar za ta sake hawa har ka ji fanka ta tashi, rubuta lambar. Sai ta sauko da 'yan digiri fankar ta mutu. Ita ma rubuta. Bayan haka ka ɗauki aboki ya riƙe maka wayar, kada ka haɗa tuƙi da kallon allo, ku je Kurfi ku dawo. In a kan titi lambar ta faɗo sittin ko saba'in ta zauna, an riga an cire maka tamostat ko ta maƙale a buɗe, ko da wanda ya sayar maka da motar bai faɗa ba. In ta haura ɗari tana ci gaba kuna gudu, bar fanka ta huta, ba ita ce mai laifin ba. In lafiya lau a titi, amma da kun tsaya ta wuce ɗari fanka shiru, to yanzu ne maganar fanka ta taso. Ka kuma sa manhajar ta karanto lambobin kuskure. P0480 na nuna layin da ke sarrafa fanka, P0115 zuwa P0119 na nuna sensar zafin ruwa, P0128 kuma mota ce ke kukan ba ta kai zafin da ya kamata ba, wanda shi ne kukan motar da aka raba da tamostat ɗinta. Ka gama ka zare na'urar, don kafar nan na da wuta ko mota na kashe, kuma wasu kwafin kan tsotsi batir in sun kwana biyu a soke.

Na san Golf 3 da ke jigilar fasinja a hanyoyinmu ƙirar shekarun 1990 ce, ta riga dokar Turai, kuma da wuya wannan 'yar na'urar ta ji yarenta. Mai irinta ya nemi bindigar auna zafi. Ba irin wadda aka dinga saita mana a goshi a 2020 ba, wannan don zafin jikin mutum aka yi ta. Ta masu aikin injin ake nufi, mai kaiwa ɗaruruwan digiri. Ka saita ta a gindin tiyon sama, sannan a na ƙasa, sannan ka bi fuskar lagireton. Inda ka samu fili mai sanyi a tsakiyar wuri mai zafi, ruwa ba ya bi ta nan.

Ya kamata a yi wa kanikawa da masu wayarin adalci, don hujjarsu ba ta wasa ba ce. Za su ce maka sensar da ake samu a kasuwa jabu ta fi yawa, rile yau lafiya gobe ya mutu, direbanmu kuma ba ya kallon dashbod sai ya ga hayaƙi. Fankar da ke juyawa kullum ba ta jiran umarnin kowa. Sannan za su tuna maka inda muke. Babu direban da ke son la'asar sakaliya ta riske shi bonet a ɗage tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ko a hanyar Safana ko ta Ƙanƙara, kowa ya san dalili. A wurin mai wayarin, gara ka ƙona ɗan mai da ka kwana a daji. In da zaɓin ke nan, ni ma da dairek zan zaɓa. Kuma in fanka ta ƙi tashi a kan hanya aka samu wanda ya ja mata waya daga batir don a isa gari, ya yi daidai, ya cancanci godiya da kuɗin aikinsa.

Matsalar ita ce dabarar isa gari ta zama mazauni na dindindin, kuma amincin da ake zaton tana bayarwa ba ta bayar da shi. Injin fankar yawancin motocin nan na da gawayi a ciki, wanda ke gugar ƙarfe yana cinyewa a hankali. An ƙiyasta rayuwarsa ne a kan aikin tashi da hutawa. Ka sa shi ya yi ta juyawa daga Dutsin-Ma har Kano, a cikin ƙurar hunturu, a kan titin da ba a ma buƙatarsa, kana cinye kwanakin da zai yi maka amfani a cunkoso. Ranar da zai mutu kuma ba sanarwa. Abu na biyu, dairek da yawa ana yin sa ne da kowace irin waya aka samu, a tsallake rile, wani lokaci har fiyus. Fanka kan ja amfiya 10 zuwa 20, manya su wuce haka, kuma a daidai lokacin tashi tana fizgar abin da ya fi haka sosai. Ka bi da wannan wutar ta makullin mota ko ta siririyar waya, abin da zai biyo baya shi ne warin roba, daga warin roba kuma sai gobara. Na uku ya shafe mu kai tsaye: nawa ne cikinmu ke murɗa makulli rabi, injin a kashe, don cajin waya ko jin rediyo in an ɗauke wuta? A motar dairek, duk wannan lokacin fanka na shan batir, sai ka zo tashi ka ji ƙas-ƙas. Sannan akwai motocin da aka tsara fankarsu ta ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kashe injin, saboda zafi kan ƙaru a mintunan farko da ruwa ya daina zagayawa. In an ɗaure fankar da makulli, wannan ma ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye ciwo. Motar da lagiretonta ya fara toshewa, ko take ɗigar da ruwa kaɗan kaɗan, za ta fara nuna alama a cikin gari, kusa da gida, kusa da bakanike. Dairek na danne wannan alamar ta ɗan lokaci. Ciwon na nan yana girma, sai ya bayyana a doguwar hanya da cikakken lodi, inda fanka ba ta da abin da za ta iya yi. Wato wurin da ake gudun tsayawa, nan ɗin za a tsaya, kuma wannan karon kan injin na alminiyam ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Cire tamostat kuwa ya fi dairek muni, kuma haɗa su biyun shi ne ɓarnar. In tamostat na nan, ko fanka ta yini tana juyawa, ƙofar za ta riƙe wa injin zafinsa. In an cire ta, injin ba ya kai zafin aikinsa, musamman da asubar Disamba da Janairu da sanyin Katsina ke sauka ƙasa da digiri 15. Birenbos kuma in ta ga injin na sanyi, ƙara masa fetur take yi, haka aka rubuta mata. Fetur ɗin da bai ƙone ba na wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, injin ya dinga cin kansa. Kafin 29 ga Mayun 2023 wataƙila mutum ya ɗaga kafaɗa. Tun da aka cire tallafin mai, duk litar da ta tafi a banza ana jin ta a aljihu. Akwai ma injinan da tamostat ɗinsu ke da aiki na biyu: in ta buɗe hanyar lagireto sai ta toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin kai tsaye. Ka cire ta a irin wannan injin, wani kason ruwan ya dinga yanke ta gajeriyar hanya bai ga lagireto ba, motar ta ƙara zafi maimakon ta huce. Tamostat da ta maƙale a rufe tabbas za ta tafasa mota. Sabuwa ake sa wa. Gwada ta ma a tukunyar ruwan zafi ake yi, ka ga ta buɗe ko ba ta buɗe ba.

Shin babu lokacin da ƙara girman fanka ke da ma'ana? Akwai. Motar da aka sa wa AC alhali ba da ita ta zo ba, ko aka canja mata injin da wanda ya fi girma, ko motar haya da ke yini a tasha injin na aiki, in an auna an ga fankarta lafiya lau amma ba ta iya sauko da zafin a tsaye, to a ƙara. Sai dai girman fuka-fukai shi ne abu na ƙarshe da za a duba. Gidan fanka, wato robar nan da ke rufe bayan lagireto ta bar rami daidai fankar, ya fi muhimmanci. Shi ke tilasta wa iska ta ratso dukan faɗin lagireton. Babbar fanka da aka ɗaure da waya ba gida, gefenta a buɗe, iska take jawowa ta gefe tana juyawa a banza, kuma ƙaramar asali da ke cikin gidanta za ta fi ta aiki. Shi ya sa in za ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ka ce a samo maka fanka da gidanta na ainihin motarka, ko na 'yar'uwarta mai babban injin in ramukan ƙusa sun dace. Ka kuma duba inda take hurawa. Injin fanka in an juya masa waya baya yake juyawa, sai ya dinga tura iska gaba yana kokawa da wadda ke shigowa. Ka kara takarda a gaban lagireto mota na tsaye: in ta manne, daidai ne, in ta tashi, an juya.

Sai wuta. Babbar fanka na son waya mai kauri, rile nata, da fiyus daidai ita kusa da batir. Wanda ya ga fiyus na yawan ƙonewa ya cusa wanda ya fi girma, ko ya naɗa zaren waya a gurbinsa, ya mayar da wayoyin motar su zama fiyus ɗin. Altanetar ƙananan motoci da yawa tsakanin amfiya 70 da 100 take bayarwa, kuma a silo ba ta kai hakan. Nan ma manhajar za ta yi maka aiki, don tana nuna ƙarfin wuta. Injin na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Kunna fitilu da AC ka jira fanka ta tashi. In lambar ta faɗo kusa da 12 ta zauna, batirinka ne ke ciko, kuma ba zai daɗe yana yi ba. Motocin baya-bayan nan kuma da yawa ba rile ke tuƙa fankarsu ba, wani ɗan akwati ne da ke yanka wutar yana haɗawa da sauri don ya ba ta kowane irin gudu, dabarar da ake rage hasken allon wasu wayoyi da ita. Irin wannan ba a kai masa almakashi. A nemi mai kwamfutar duba mota.

Ga wanda tsoron hanya ya hana shi sakewa, kuma tsoron na da dalili, akwai abin da na fi yarda da shi a motoci masu rile. A bar tsarin asali yadda yake, a ƙara makunni ɗaya a dashbod mai 'yar fitila, wanda zai ta da rilen da hannu. Makunnin ba ya ɗaukar wutar fanka, umarni kawai yake bayarwa. Kullum mota na sarrafa kanta. Ranar da sensa ta yi gardama, ko ka hango cunkoso rana tsaka da lodi, ka danna. A wasu motocin fitilar injin na iya kamawa saboda birenbos ta ga an yi mata shisshigi, don haka mai wayarin da ya san motar ne zai yi, ba kai da bidiyon YouTube ba. In kuwa zafi ya riga ya hau kana hanya, kashe AC, in hitar motar na aiki buɗe ta gaba ɗaya ka sauke gilasai, don ita ma ƙaramin lagireto ce. Kada ka buɗe murfi yana zafi. Lambar nan 0.9 ko 1.1 da ke jikin murfin matsi ne, shi ke hana ruwan tafasa sai wajen digiri 120. Da ka murɗe shi matsin ya fita, ruwan ya tafasa nan take ya yo fuskarka.

Wannan murfin ma ya isa ya sa a zargi fanka a banza. In robarsa ta tsufa ba ya riƙe matsi, mota za ta dinga tafasa a zafin da lafiyayyar mota ke tafiyarta, kuma kuɗinsa bai kai na datar wata ɗaya ba a wurin wasunmu. Haka ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse na barin ƙasa-ƙasa da tsatsa a cikin siraran bututun lagireto, kamar yadda kake gani a gindin butar shayi, garin omo da wasu ke zubawa kuma ba ya hana tsatsa. Kulant na gaske, ba ruwan da aka rina kore ba, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa kuma yana ɗaga ma'aunin tafasa. Daga waje kuma, bayan watannin hunturu, leƙa tsakanin kwandensar AC da lagireto da fitilar wayarka. Ƙura da ƙaiƙayi da fuka-fukan ƙwari da guntun leda kan yi tabarma a wannan lungun, inda ido ba ya kaiwa daga gaba. A kwance a wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, don injin wankin mota mai matsi na lanƙwasa haƙarƙarin. Ka ɗauki hoton allon manhajar kafin wankin, ka sake gwajin tsayuwa bayansa a lokaci ɗaya na rana, ka tafi wurin mai wayarin da hotunan biyu.